Folksonomy: Wa ke raɗa wa abu suna a intanet?

Yau kalmar Turanci ɗaya na ɗauko mana, folksonomy. Kar tsawonta ya ba ku tsoro, abin da kuke yi ne kullum.

Ka ɗora hoton Dutsen Dala, ka manna masa #Kano, #Dala, #Tarihi. Wata ta ɗora nata, ta ƙara #Arewa. To wannan tarin laƙabin da mutane ke liƙa wa abu guda, kowa da nasa, shi ake kira folksonomy. Wani Ba'amurke, Thomas Vander Wal, ya ƙirƙiro kalmar a 2004. Kalmomi biyu ya haɗa: folk, wato jama'ar gari, da taxonomy, wato ilimin kasa abubuwa gida-gida. Ita ta biyun tushenta Girkanci ne.

Me ya sa aka buƙaci sabuwar kalma? A laburare ma'aikaci ne ke yanke inda littafi zai zauna, kuma littafi ɗaya ba ya zama a kanta biyu. Sai ga shafuka irin su Delicious da Flickr sun sakar wa mutane mara, kowa ya sa laƙabin da ya ga dama, ko guda goma ne. Ita alamar # daga baya ta zo, Chris Messina ne ya ba da shawararta a Twitter a 2007.

Amma fa inda babu mai tsari, babu mai gyara. Nan abin ya shafe mu. Wani ya rubuta #Ƙasarmu, wani #Kasarmu, wani #KasarMuCe. Mu mun san magana ɗaya ce, na'ura kuwa sau da yawa sai ta lissafa su daban, murya ta rabu gida uku. Ku tuna #BringBackOurGirls a 2014: daga Abuja har Amurka laƙabi ɗaya aka riƙe, shi ya sa ya yi amo.

Don haka masu jera laƙabi ashirin a ƙasan rubutu, wallahi watsa hatsi kawai kuke yi. Ni dai in za mu yi gangami, nakan ce a tsayar da babban laƙabi ɗaya tun farko, a rubuta shi ba ƙugiya don kowace waya ta iya bugawa. Yana min ciwo, don ina son a rubuta Hausa daidai, amma ƙugiyar tana nan a cikin rubutun kansa.