AJIYA MAGANIN WATA RANA: RUMBUN TAKARDU A CIKIN GIDA

Duk wanda ya yi aikin ofis a zamanin En'e, kafin a kawo tsarin ƙananan hukumomi a 1976, ya san ba a buga takarda ƙwaya ɗaya. Sai akawu ya jera kabon a keken rubutu, ya buga uku gaba ɗaya. Ɗaya ta tafi wurin wanda aka rubuta wa, ɗaya ta shiga fayil, ɗaya kuwa a aika babban ofis. In gara ta ci ta nan, ta can tana nan.

Yau kuwa ina muke? Malamin makaranta a Sheme ya tara rajistar yara da sakamakon jarrabawa na shekara biyar cikin kwamfutarsa guda. Akawu a Faskari ko Sabuwa ya ɗauki hoton takardar kama aikinsa da ta ƙarin girma, waɗanda za a nema ranar tantancewa ko ranar fansho, ya bar su cikin waya. Ran da kwamfutar nan ta faɗi, ko aka raba shi da wayar a hanya, to, shi ke nan, aikin shekaru ya tafi. Kayan aiki sun ci gaba, amma hattara ta koma baya.

SA'AD DA SABIS YA ƊAUKE

Wani zai ce ai shi nasa yana Google Drive. Madalla, wannan dabara ce mai kyau. Amma fa mutanen wannan yanki sun ga iyakarta da idonsu. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, cikinsu har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Aka shafe watanni ba kira, ba intanet. Wanda takardunsa ke intanet kaɗai, sai ya yi doguwar tafiya a hanya mai hatsari kafin ya gan su.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Rauta, watau na'urar nan da ke rarraba intanet a gida ko ofis, aiki biyu take yi. Tana haɗa gida da duniya, kuma tana haɗa na'urorin gidan da junansu. In sabis ya ɗauke, aiki na farko ne kaɗai ya tsaya. Na biyu yana nan muddin akwai wuta. Saboda haka in aka jona mata faifan ajiya, sai ya zama rumbu, kowace kwamfuta da waya ta gidan ta riƙa zuba nata a ciki ta Wi-Fi, ba a ci ko kwabo na data ba.

YADDA AKE KAFA SHI

Da farko a juya rautar a duba bayanta, ko tana da kafar USB. Yawancin na TP-Link da Asus da Netgear masu ɗan girma suna da ita. Ƙananan na aljihu da kamfanonin waya ke sayarwa galibi kafar tasu ta caji ce kurum, ba za su yi wannan aiki ba.

Na biyu, a sami faifai. Mai terabayit 1 ya ishi makaranta guda shekaru da dama, in takardu ne da hotuna. A shirya shi a kwamfuta bisa tsarin NTFS, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4. A tuna shiryawa tana goge duk abin da ke ciki.

Na uku, a jona shi, sa'an nan a buɗe shafin sarrafa rautar. Adireshinsa yana rubuce a ƙarƙashinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A nemi sashen USB, a kunna rabon fayiloli, wanda ake kira Samba ko SMB. Lalle a sa suna da kalmar sirri. In an bar shi buɗe, duk baƙon da aka ba Wi-Fi zai iya karanta albashin mutane da makin yara.

Na huɗu, a kwamfuta mai Windows, a buɗe inda ake duba fayiloli, a rubuta \\192.168.0.1 ko adireshin da ya dace, faifan zai fito. Daga nan a kunna File History a nuna masa wannan wuri. Shi zai riƙa kwafe abin da ya canja kowace awa, ba sai an tuna ba. Wannan shi ne babban amfaninsa a kan filashin aljihu, domin ɗan Adam mai mantuwa ne.

INDA AKE TUNTUƁE

Wuta ita ce ta farko. In ta ɗauke ana cikin rubutu a faifai, fayil yakan lalace. Rauta ba ta da cin wuta, wajen wat 10 ne, saboda haka ƙaramin batirin sola ya riƙe ta. In faifan yana ƙaf-ƙaf yana ɓacewa, kafar rautar ce ba ta ba shi isasshen ƙarfi. A nemo mai wayar wuta ta kansa. A kuma ɗora shi inda iska ke shiga, nesa da ƙurar hunturu.

Ta biyu, tsofaffin rautoci suna aiki da SMB1, wanda ta kansa ne cutar kwamfuta WannaCry ta bazu ƙasashe wajen 150 a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Tun daga wannan shekara sababbin Windows suke zuwa da shi a kashe. In kwamfuta ta ƙi ganin faifan, a sabunta manhajar rautar, kada a yi gaggawar buɗe tsohuwar ƙofa.

Ta uku, akwai maɓallin da ke ba da damar shiga faifan daga nesa ta intanet. Shawararmu a bar shi a kashe. A watan Yuni na 2021 masu kutse sun goge faifan My Book Live na mutane da yawa a duniya, don an bar su a buɗe ga intanet.

RUMBU ƊAYA BA YA ISA

Kada wani ya ɗauka ya gama. Gobarar da ta ci ɗaki za ta ci kwamfuta da faifai tare, haka kuma ɓarawon da ya shigo, kuma jama'ar ƙauyukan Faskari ba sa bukatar mu gaya musu abin da ake nufi da barin gida dare ɗaya. Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto na Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, guda 1 kuma a wani wuri dabam. Watau ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan rauta, na uku a intanet, ko a filashi wurin amintacce a Funtuwa ko Katsina, ana sabunta shi ƙarshen kowane wata. Ashe abin da akawun En'e yake yi da kabon ke nan.

Daga ƙarshe, a riƙa gwadawa. Ranar da aka ɗauki albashi, a buɗe faifan, a jawo fayil ɗaya a ga ko yana karantuwa. Manomi ba ya jira sai bazara kafin ya leƙa rumbunsa.

Muna roƙon shugabannin makarantu da manyan akawuna su ɗauki wannan magana da nauyi, domin takardun nan amana ce ta yara da talakawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya sa mu dace, amin.