Agogon Ƙwayar Zarra da Matsalar Kalmar "Daƙiƙa"

1. A ƙasashen Madawa, Buza da Keita, Hausa tana raba yini da kalmomi irin su asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar da almuru. Waɗannan sun ishi noma da kasuwa. Amma na'urar GPS, wadda ake auna gonaki da ita, take kuma cikin wayoyin hannu, tana aiki da wani ma'aunin lokaci dabam, wanda ya kamata littattafan yaƙi da jahilci su iya bayyanawa.

2. A shekarar 1955 Louis Essen ya ƙera agogon sinadarin siziyom a Ingila. A 1967 aka tsai da cewa sakan ɗaya shi ne kaɗawa 9.192.631.770 ta hasken da ƙwayar zarrar siziyom-133 take fitarwa. Tun 1978 ake harba taurarin GPS, masu shawagi a nisan kilomita kusan 20.200, ɗauke da agogunan rubidiyom ko siziyom. Na'urar da ke ƙasa tana lissafa wurin da take daga lokacin da saƙon tauraro ya ɗauka kafin ya iso. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana jawo kuskuren mita 300.

3. A sararin samaniya babu mai gyara. Dole agogo ya jure sauyin zafi da sanyi da haskoki masu lalata kayan lantarki har shekaru. Saboda haka kowane tauraron Galileo na Turai yana ɗauke da agogo huɗu, in ɗaya ya mutu wani ya karɓa. Har wa yau, agogon tauraron GPS yana gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, kamar yadda ka'idar Einstein ta nuna. Ana gyara wannan tun kafin harbawa.

4. Ga inda matsalar harshe take. A Larabci daƙiƙa minti ce, kuma haka wanda ya yi karatun littattafan Larabci zai fahimce ta. A Hausar jaridu da rediyo kuwa, sau da yawa sakan ake nufi. Tsakanin ma'anonin biyu akwai ninki 60.

5. Shawarar da ta dace ga masu tsara littattafai ita ce su riƙe awa, minti da sakan a duk darasin awo da lissafi, su bar daƙiƙa ga rubutun adabi. Kafin a buga, a gwada kalmomin a cibiyoyin karatun manya na yankunan uku.