Amsoshin Takardunku: Abincin Sinawa Mai Suna "Hanjin Alade"

TAMBAYA: Daga Bagudo a Jihar Kebbi, wani mai sauraronmu, direba da ke bi ta Tsamiya zuwa Segbana cikin Jamhuriyar Benin, ya rubuto yana cewa: "Don Allah ku warware mini. A Benin nakan sayi wani abincin shinkafa da ake turarawa, wai shi ablo. Ɗana mai zuwa ƙasar Sin saro kaya ya ce su ma suna da irinsa, amma sunansa hanjin alade. Shin Musulmi na iya ci?"

AMSA: To Malam direba, mun gode da wasiƙarka, Allah Ya kiyaye hanya. Ɗanka bai yi ƙarya ba, sai dai abincin biyu ba ɗaya ba ne. Ablo, wanda ya fi yawa a kudancin Benin da Togo, ƙullun shinkafa ko masara ne da ake sa wa yis da sukari ya tashi, a turara a ƙananan gwangwanaye. Ka ce waina ce da ba ta ga tanda ba.

Na Sinawan kuwa sunansa "cheung fun", abincin mutanen lardin Guangdong da Hong Kong. Akan jiƙa shinkafa a markaɗa ta ruwa-ruwa, ba yis, a zuba shafal a faranti ko bisa ƙyalle, a ɗora a kan tururi. Cikin 'yan mintoci ta nuna, sai a kankaro ta a naɗe kamar tabarma, a yanka, a zuba miyar waken soya da riɗi. Talaka ke karya kumallo da shi a bakin titi, amma littafin Michelin na 2016, mai tantance gidajen abinci, ya sa wani ɗan shago na unguwar Sham Shui Po, Hop Yik Tai, cikin jerinsa saboda wannan abinci.

Batun suna kuwa, kama ce kurum: fari ne, dogo, mai santsi, shi ya sa suka ce hanji. Ƙullun shinkafa ne, wasu kan ƙara sitaci. Amma fa a nan gizo ke saƙa: sau da yawa akan naɗe gasasshen naman alade a ciki, wasu kuma da kitsensa suke shafe farantin. Saboda haka ka gaya wa ɗanka ya tambaya kafin ya ci, ko ya nufi unguwar Xiaobei a Guangzhou, inda gidajen abincin Musulmi suke da yawa.