Daga Kwatano zuwa Dogondutsi: yadda tsaikon tashar ruwa ke isa tukunya

Babu teku a Arewa, amma buhun shinkafar da ake sayarwa a kasuwar Dogondutsi ko Tibiri galibi ta teku ya zo. A da, jirgi kan sauke shi a Kwatano, manyan motoci su hauro da shi Malanville, su ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Gaya, daga nan Dosso, sannan su kama babbar hanyar da ta ratsa Dogondutsi zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi. Haka alkama da takin zamani suke shigowa a wancan lokacin. Kafin 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta ruwa wannan hanya suke bi.

Watan Yulin 2023 ya nuna raunin wannan tsari. Ranar 17 ga wata Rasha ta fice daga yarjejeniyar fitar da hatsi ta tekun Bahar Aswad. Ranar 20 Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba. Ranar 26 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, kwana huɗu bayan haka CEDEAO ta saka takunkumi, aka rufe gadar Malanville.

Motoci suka yi jerin gwano a ɓangaren Benin, kaya suka taru a tasha, har a watan Oktoba hukumar tashar Kwatano ta dakatar da karɓar kayan Nijar. Ta janye matakin a ƙarshen Disamba, CEDEAO ma ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma Yamai ta bar nata ɓangaren gadar a rufe, tana kafa hujja da tsaro.

A nan ne masu bin labari daga nesa suka ruɗe. An ce tasha ta buɗe, amma farashi bai sauko yadda aka zata ba, domin kayan sun koma tashar Lome. Daga can sai su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, su shigo ta Tera zuwa Yamai. Dogondutsi da a da take kusa da bakin hanya ta koma can baya, ga ƙarin kilomita sama da 250 daga babban birnin. Kowace rana da direba ya kwana yana jiran rakiya, mai awo ne zai biya ta a kwano.

Taki ya fi shinkafa tsanani. Mai gero a rumbu zai iya haƙura da shinkafa, amma mai lambun dankalin turawa a fadamun Dogondutsi ba ya jira: takin da ya iso bayan shuka ta wuce lokacinta ba shi da amfani a bana.

Saboda haka ɗan Arewa da ke Legas, Abijan ko Faransa, mai aiko da kuɗin cefane gida, kada ya tsaya a kan labarin tasha kaɗai. Shafuka irin su MarineTraffic na nuna jiragen da ke tsaye a bakin Kwatano ko Lome, hukumar SIMA kuma na fitar da farashin hatsi na kasuwannin Nijar. Abin da ke tsakaninsu, wato ko ayarin motoci ya taso ko bai taso ba, direbobi da 'yan kamasho a tashar mota ne suka fi saurin sani. Tsaikon da aka samu a teku yau yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana a Koré Mairuwa ko Gecheme, kuma a cikin waɗannan makonni ne buhu ke da sauran sauƙi.