Idan Mawaƙi Ya Rasu a Riyad

Ranar 10 ga Disamba, 2017, Allah ya yi wa mawaƙi Abubakar Salim rasuwa a Riyad bayan doguwar jinya. An haife shi a Tarim ta ƙasar Hadramaut a 1939, ya zama ɗan Saudiyya, muryarsa kuma ta karaɗe ƙasashen Larabawa fiye da shekara 50. Duk da haka, tsarin jana'izarsa bai bambanta da na wani mai shago a unguwar Batha ba.

Haka tsarin yake a can. Ana yi wa mamaci wanka da sutura, a kai shi babban masallaci, a sallace shi bayan sallar farilla, galibi la'asar. Sau da yawa ana jera gawarwaki liman ya sallace su lokaci guda, na mai suna da na talaka. Daga nan sai makabarta, inda ba a gina kabari, ba a rubuta suna. Sarki Fahad a 2005 da Sarki Abdallah a 2015 duk haka aka binne su a makabartar Al-Ud. Idan sarki bai samu hubbare ba, ina ga mai waƙa?

Zaman makoki kwana uku ne. Maza na zuwa yawanci tsakanin magariba da lisha, a sha gahawa, a ci dabino, a yi wa iyali ta'aziyya, a tashi. Makaɗa da marubuta waƙa da suka yi aiki da mamacin a layin kowa suke shiga, ba mai ɗauko garaya. Babu sadakar bakwai ko ta arba'in irin wadda aka sani a wasu gidajen ƙasar Hausa, domin manyan malaman ƙasar, irin su Sheikh Bin Baz, sun ɗauke su bidi'a.

To ina masoya ke kai baƙin cikinsu? Nan ne tarihin birnin ya shigo. Bayan 1979 an ƙara tsaurara al'amura, taron kiɗa na jama'a ya yi wuya ƙwarai a Riyad. Sai juyayin ya koma cikin gida: a kunna kaset a mota, abokai su haɗu a gidan shaƙatawa a bayan gari, wani ya kaɗa udu, garayar Larabawa, ya maimaita waƙoƙin mamaci. Wasu masoyan kuma, da ke shakkar halaccin kiɗa, sukan fi son a haƙa rijiya ko a gina masallaci da sunansa, sadaka mai gudana. Wannan ja-in-jar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tuna surutan da suka biyo bayan rasuwar Mamman Shata a 1999.

Labarin mawaƙi Talal Maddah ya nuna tsawon jiran da aka yi kafin juyayin ya fito bainar jama'a. A watan Agusta na 2000 ya yanke jiki ya faɗi yana waƙa a kan dandamali a Abha, udunsa na hannu, jama'a na kallo. An binne shi a Makka. Babban taron karrama shi a Riyad, wanda ya tara mawaƙa daga ƙasashen Larabawa, sai a Fabrairun 2023 aka yi shi, shekara 22 da ɗoriya bayan rasuwarsa.

Abin da ya canja a tsakani shi ne manufar gwamnati. An kafa hukumar nishaɗi ta ƙasa a 2016, mawaƙi Muhammad Abdu ya yi waƙa a gaban jama'a a Riyad a 2017, bikin nishaɗi na shekara-shekara na birnin kuma ya fara a 2019. Yau akwai dandalin waƙa a Riyad mai ɗauke da sunan Abubakar Salim, ɗansa Asil ma mawaƙi ne.

Saboda haka makokin mawaƙi a Riyad ya rabu biyu. Na farko na masallaci da makabarta ne, dokarsa ba ta motsa ba, ba ta kuma san shahara ba. Na biyu na dandali ne, mai tikiti da kyamarori, hukuma ce ke zaɓar wanda za a tuna da lokacin da za a tuna shi. Ƙananan makaɗan biki da ba su shiga wannan lissafi ba, har yau abokan sana'arsu ne kaɗai ke riƙe da waƙoƙinsu.