Kilo Tamanin Nawa, Kilo Tamanin Nasa

Ni da ƙanena tsawonmu ɗaya. Tun yana saurayi muke aron rigunan juna, in muka jera a sahun sallah kuwa kafaɗa na daidai da kafaɗa. Shi ya sa ranar da muka hau sikelin wani yaro a bakin Babbar Kasuwar Sakkwato, allura ta tsaya mini a kan kilo 80, shi ma ta tsaya masa a kan 80, ban ji wani mamaki ba. Mamakin sai bayan mako biyu, da aka zo gwajin lafiya kyauta a unguwarmu. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin awon jini a damtse, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta ce jinina ya hau, sukari ma yana bakin iyaka, in je asibiti, in kuma rage nauyi. Ƙanena kuwa ta sallame shi da lafiya lau.

Uwa ɗaya uba ɗaya, tsawo ɗaya, nauyi ɗaya. To me ya raba mu? Kuma in an ce in rage, in rage zuwa nawa?

Sikelin na fara tuhuma, don yana shan ƙura da rana, kowa na takawa. Na ja ƙanena da sassafe zuwa wani kantin magani mai sikelin lantarki, muka cire takalma. Ni 80 da ɗoriya, shi saura ƙiris 80. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka gani? Abin da wancan yac ce, shi wanga yac ce."

A asibiti likita ya tsayar da ni jikin bango, ya ce mita 1.72. Ya juya bayan wata takarda ya yi lissafi a gabana: tsawo sau tsawo ya ba da 2.96, kilo 80 a raba da 2.96 ya ba da 27. Wannan shi ne BMI, ma'aunin nauyi bisa tsawo. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ta zama cuta. Sai ya juya lissafin: 18.5 sau 2.96, da 24.9 sau 2.96. Mai tsawona, in ji shi, wurinsa tsakanin kilo 55 ne da 74.

Na fito da amsa rabi. Na san inda ya kamata in faɗo, amma lissafin nan ya kama ƙanena kamar yadda ya kama ni, shi ma 27 ne, ga shi kuma garau. Da na bi tarihin ma'aunin sai na fara gane inda yake da makanta. Adolphe Quetelet, ɗan ƙasar Beljiyam, masanin lissafi da taurari ne, ba likita ba, kuma a shekarun 1830 ya fito da shi don ya siffanta matsakaicin mutum a cikin jama'ar Turai. Sunan BMI kuwa Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa a 1972, bayan nazarin maza sama da 7,000. Ma'auni ne da ya ƙware wajen auna gari guda. In aka zo kan mutum ɗaya, bai san ƙashi ba, bai san tsoka ba, bai san kitse ba, duk kilo yake kiransu.

Wanda ya warware mini sauran ƙullin telanmu ne. Gabanin Babbar Sallah muka kai masa shadda, ya jawo tsohon littafinsa na awo, wanda shafukansa suka yi ja don ƙura, ya buɗe inda sunayenmu suke a jere. Tsawon riga ɗaya, tsawon hannu ɗaya. Ƙirjin ƙanena ya fi nawa faɗi. A ƙugu shi inci 33, ni 36. Na ce ai inci uku ba wani abu ba ne. Tela ya cire tef daga wuyansa ya ce, "Malam, ai ba cikinka ni ka aunawa ba. Wandonka ƙasan tumbi shi ka zama."

Na ɗaga riga. Ya zagaya tef ɗin a tsakiya, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, ɗan sama da cibiya, ya ce in saki numfashi kada in shanye ciki. Inci 40, wato kusan santimita 102. Ƙanena a wannan wurin 33 ɗinsa ce ba ta motsa ba, santimita 84.

Nan komai ya zauna. Ƙanena hatsi yake sayarwa a kasuwar Kara, shi ke ɗora buhu shi ke saukewa, ga kokawar da ya sha yi da kaka tun yana yaro. Kilo tamanin ɗinsa suna kafaɗa da cinya da damtse. Tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya, kamar yadda mudun gero ya fi mudun dusa. Ni shekara goma sha biyar ina daga kujerar ofis zuwa kujerar mota, nawa tamanin ɗin sun taru a ciki. Kitsen ciki kuwa ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake kwanciya ba, yana lulluɓe hanta da hanji, shi ne kuma aka fi alaƙantawa da ciwon sukari da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa maza alamar gargaɗi a santimita 94, babban haɗari a 102, mata kuma 80 da 88. A 2022 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawara mai sauƙin riƙewa: kada zagayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Rabin tsawonmu 86 ne. Ƙanena yana ciki da santimita biyu, ni na haura da goma sha shida.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk shekarun nan barka ake yi mini. A ce hutu ya karɓe ni, jiki ya murje, babbar riga kuma ta rufe sauran. Wannan kallon ne ke tura 'yan mata shan ƙwayoyin sha-ka-fashe, alhali wasunsu nauyinsu daidai yake da tsawonsu.

Da na koma wa likita da awon tela, muka yanke magana. Tazarar 55 zuwa 74 tana da faɗi ne don ƙira ta bambanta: siriri mai ƙananan ƙasusuwa yana iya zama can ƙasa lafiya, mai faɗin kafaɗa irin gidanmu sama-sama ya fi dacewa da shi. Muka sa 74 a gaba, domin zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ma yana sassauta jini da sukari. Ya ce rabin kilo a mako ya isa, kada in shiga yunwar gangan. Ya kuma ja kunnena cewa wannan lissafi ba na yara ba ne, ba na mai juna biyu ba, kuma ramar da ta zo ba a neme ta ba asibiti ake kai ta. Ƙanena ba a ce ya rage ko kilo ɗaya ba.

Na daina zuba sukari a fura, na bar lemun kwalba, na rage malmalar tuwon dare. Bayan sallar asuba, kafin ranar Sakkwato ta buɗe ido, nakan yi tafiyar minti talatin, kwana biyar a mako. Tela ya yanko mini igiya daidai tsawona, na ninka ta biyu na rataye a ƙusar bayan ƙofa. Ran Juma'a kafin wanka nake zagaya ta a ciki. Wata na biyar ke nan, sikeli na cewa 75, kuma tsakanin bakin igiyar da ɗan'uwansa saura faɗin yatsu huɗu.