Kafin ka yi daɓe ko ka shimfiɗa intalok a gefen gida

Duk wanda ya zaga unguwa a watan Agusta zai ga gidajen da gindin bangonsu ya yi baƙi, fenti yana ɓarewa, filasta tana zuba kamar gari. Sau da yawa ba rufin ne ke yoyo ba. Daɓen da aka yi a gefen ginin ne yake turo ruwa jikin bango maimakon ya kore shi. Mai gida ya kashe kuɗinsa don ya rabu da taɓo da ƙura, sai ya sayo wa kansa danshi.

Don haka kafin a yi maganar launin intalok ko buhunan siminti, a fara sanin inda ruwa zai bi. Yi lissafi da kanka. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan sama na milimita 30, zai zubo da lita 3,000. Wato jarka 120 ke nan irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa, kuma duk a gindin bangonka za su sauka. A da ƙasa tana shan wani abu daga ciki. Da zarar ka rufe ta, ruwan sai dai ya gudu, kuma inda ka karkata masa nan zai nufa.

Karkatar da ake buƙata ba ta da yawa: kimanin santimita 2 a kowace mita, daga bango zuwa waje. Idan faɗin wurin mita 3 ne, bakinsa na waje zai yi ƙasa da na jikin bango da santimita 6. Ido ba ya iya auna wannan. Idan birkila ya ce maka, "Alhaji, bar ni da shi, na saba," ka ce masa ya kafa turaku, ya ja igiya, ya gwada da ma'auni ko da siririn tiyo mai ruwa a ciki. Haka kuma saman daɓen ya kasance ƙasa da daɓen ɗaki da aƙalla santimita 15, saboda ruwan da ke fantsama kada ya riƙa jiƙa bango ko ya kwararo ta ƙofa. Sannan a san inda ruwan zai ƙare, ko kwatar layi ko wani fili mai shan ruwa. Ba katangar maƙwabci ba. Rigingimun da ake kai wa mai unguwa da damina, da yawansu daga nan suke farawa.

Abu na biyu shi ne abin da ke ƙarƙashi, kuma a nan ne aka fi cin amanar mai gida, domin ba ya gani. Dole a kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi da shara, a tona har a taras da ƙasa mai tauri. A zuba burji ko tsakuwa mai kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a danne. Ba a zuba shi gaba ɗaya: kaɗan-kaɗan ake yi, ana kirɓawa. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin siminti ya zo. Idan za a yi daɓen ɗakin amarya, sai su taru da madaɓai, su yini suna bugun ƙasa da tsakuwa, suna yayyafa ruwan makuba, har sai ya yi santsi. Bugun nan shi ne aikin. Yau ana hayar injin dannewa, kuma kuɗin hayarsa bai kai na tayar da aikin da ya lotsa ba. A wuraren baƙar laka, kamar wasu sassan Borno da Adamawa, inda ƙasa ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, sai an ƙara zurfin tonon da kaurin burjin.

Idan intalok ka zaɓa, ana baje yashi mai kaifi ko ƙurar dutse santimita 3 zuwa 5 a kan burjin, a daidaita da katako, a jera. Mai kaurin santimita 6 ya isa tafiyar ƙafa da ƙaramar mota. Inda tankar ruwa ko tifa za ta shiga, a nemi mai 8. Kar a yarda a bar gefen a sake. Sai an ɗaure shi da bulo ko kankare, in ba haka ba tayar mota za ta riƙa ture duwatsun ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogin, a sake bi da inji. Yashin nan ne ke kulle su. Ni dai a gefen gida na fi son intalok, don ranar da bututun ruwa ya fashe, za a ɗaga 'yan kaɗan, a gyara, a mayar.

Kankare kuma ya fi sauƙin shara, ciyawa ba ta fitowa. Kauri santimita 10, kwaɓi na siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4. Lebura na son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin juyi, amma ruwa mai yawa raunana shi yake yi. A yanka tsaga duk bayan kamar mita 3, domin kankare sai ya tsage, gara ka zaɓa masa wurin. A yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da shi tun bai yi ƙarfi ba.

Idan akwai darbejiya a wurin, a bar mata fili a gindinta, saiwarta na ɗaga daɓe. Kar a binne murfin sokawe. Kuma kafin ka biya cikon kuɗin aiki, sa yaro ya sheƙa bokiti biyu na ruwa a gindin bango, ka tsaya ka ga inda ya nufa. Idan ya kwanta ko ya dawo, a gyara tun birkila bai kwashe kayansa ba.